In zuciya ta ƙi, dole ne ƙafa ta taka a sujada?

Maman Tagwaye:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci tura. Wata huɗu ke nan da rasuwar maigidana, bayan jinyar ƙoda da ta cinye mana keken ɗinki biyu da ɗan filin da muka saya. Shekara goma sha ɗaya ina buga tulu a Zumuntar Mata, amma tun ranar da aka binne shi hannuna bai taɓa tulun ba. Sujada kam ba na fashi, sai dai bencin baya nake zama.

Lahadin da ta wuce, lokacin baiko, mai jan waƙa ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa, ya ce, "Duk wanda yake zaune alhali ƙafarsa lafiya lau, ya raina alherin Allah." Mu uku ne kaɗai a zaune, biyun tsofaffi ne masu sanda. Kowa ya waiwayo. Sai na miƙe na taka har gaban kwano na dawo ina murmushi, amma ji nake kamar an tura ni kasuwa ba zane. Tun ranar nake tambayar kaina: rawar da na yi munafunci ce a gaban Allah? Ko kuwa zaman da nake yi ne rashin bangaskiya? Don Allah masu sani ku warware mini.

Malamar Lahadi:
Wayyo Mama, sannu. Ya ƙarin haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Kafin a shiga dogon bayani, ki buɗe Yakubu 5:13. Cewa aka yi mai shan wahala ya yi addu'a, mai farin ciki ya yi waƙar yabo. Manzon bai ce kowa ya yi abu ɗaya ba. Duka biyun a majami'a ɗaya suke zaune.

Mai Jita:
Sannu da haƙuri Mama. Amma ku bar ni in ɗan kare mai jan waƙar, don ni ma aikina ke nan. Ba na tsammanin da ke yake. Mu da muke tsaye a gaba mun san abin da muke gani: mutum ya shigo fuska a murtuke, kuɗin haya ya taso, ga kuɗin makaranta, tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin jama'a da ƙafa suke zuwa sujada. In ka bar su haka, haka za su koma. Amma in aka yi minti goma ana yabo, sai ka ga kafaɗa ta saki, fuska ta washe. Yabo makami ne. Yehoshafat mawaƙa ya sa a gaban sojoji a 2 Tarihi sura 20, ba masu takobi ba. Bulus da Sila kuma a kurkuku suka yi waƙa har ƙasa ta girgiza. Ba jira ake yi sai an ji daɗi kafin a yi yabo ba, yabon ne ke kawo daɗin.

Baba Dattijo:
Ɗana Mai Jita, gaskiya ka faɗa amma rabinta. Bulus da Sila babu wanda ya tsaya a kansu da makirufo ya ce su tashi. Tashin ma ba zai yiwu ba, ƙafafunsu na cikin turu. Daga cikinsu waƙar ta fito, da tsakar dare, bayan an yi musu dukan sanda. Waƙar da ta fito da wadda aka tatsa ba ɗaya ba ne. Sai ka je ka duba Karin Magana 25:20. An kwatanta mai yi wa baƙin ciki waƙa da wanda ya tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Ka lura 'yata ba ta san ayar ba wataƙila, amma kalmar da ta zo bakinta ke nan: kasuwa ba zane.

Maman Tagwaye:
Baba ban san da ayar nan ba sam. Yanzu na buɗe na gani. Ashe an riga an rubuta.

Baƙon Birni:
Ni dai zan faɗi abin da wasu ke tsoron faɗa. Me ya sa sai lokacin baiko ake tsananta wa mutane su yi rawa? Lokacin wa'azi ba wanda ke duba wa ke barci. A wasu wurare rawar nan dabara ce kawai, a zuga jini a zazzage aljihu. Kuma wannan "yi murna, yi murna" shi ya sa mutanenmu ba sa tambayar haƙƙinsu. An hana ka albashi wata biyar, a ce ka yi Halleluya. An kore ka daga gonarka, a ce ka yi Halleluya. Maganin barci ne aka sa masa ganga.

Mai Jita:
Haba ɗan'uwa, wannan kuma zagi ne. Ni ko sisi ba a biyana. Igiyar jita in ta tsinke da kuɗina nake saya.

Baƙon Birni:
Ban ce kai ba. Na ce a wasu wurare. Kai ma ka san su.

Ƙaramin Fasto:
Baƙon Birni, zargin baiko ba zan musa maka duka ba, akwai inda ake yi, kuma abin kunya ne. Amma batun maganin barci, ka ƙarasa karanta labarin Bulus da Sila ɗin a Ayyukan Manzanni 16. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a saki Bulus a ɓoye. Ya ce atafau. Kun doke mu a bainar jama'a ba shari'a, mu kuwa Romawa ne, sai ku zo da kanku ku fitar da mu. Suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Mutumin da ya kwana yana waƙa shi ne da safe ya tsaya kan haƙƙinsa. Waƙar ba ta sa shi barci ba, ita ta hana tsoro cin shi. Wanda tsoro ya gama da shi shi ne ke karɓar sakin ɓoye ya ce na gode.

Ɗan Mubi:
Na so in yi shiru, amma maganar Mama ta taɓa ni. Ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Ƙarshen Oktoba 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, da silifas na fita. A ranar ce aka ci Kwarhi inda hedikwatar ikilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) take, har shugabanninmu suka koma Jos da zama na wani lokaci. Mun bi duwatsu muka faɗa ɓangaren Kamaru, daga baya muka zagayo Yola. Tafiyar ba Kirista kaɗai ba, da maƙwabtanmu Musulmi muka gudu, wani dattijo mai sayar da goro ma shi ya goya mini ɗana da ƙafata ta kumbura. Ƙanena bai fito ba. Har yau ba mu ga gawarsa ba.

Lahadin farko a Yola, a harabar wata makaranta, aka ce za a yi sujada a ƙarƙashin bishiya. Ni haushi ma ya kama ni. Sujadar me? Na zauna can gefe a kan bulo na juya musu baya. Babu ganga, babu tulu, babu littafin waƙa ko ɗaya. Wata tsohuwa ta kifa bokitin roba, wata ta ɗauki jarka, wata ta zuba tsakuwa a gwangwanin madara. Suka fara da wata tsohuwar waƙa da mahaifiyarmu ke yi in tana niƙa. Muryoyin a dishe suke saboda ƙura da kuka. Kuma ga abin da ban taɓa gani ba: suna takawa, hawaye na zuba, ba mai sharewa. Matar da ke buga jarkar 'ya'yanta biyu ba ta san inda suke ba a lokacin.

Ban tashi ba ranar. Ban buɗe baki ba. Amma a daren na ci abinci, karo na farko da na ci ya zauna. Na yi wajen wata biyu ina zama a kan bulon nan, ba wanda ya ce mini tashi. Abin da zan gaya miki Mama shi ne, waƙar da suka yi ta riƙe ni ko da ban sa baki ba. Su suka yi mini. Ranar da bakina ya buɗe ban ma sani ba, sai ji na yi ɗana na kallona.

Malamar Lahadi:
Kai. Allah ya jiƙanmu. Sannu ɗan'uwa.

Mai Jita:
Na karanta sau biyu. Ba ni da ta cewa a kan wannan.

Baba Dattijo:
Abin da Ɗan Mubi ya gani yana cikin Ezra sura 3. Da aka dawo daga bauta a Babila aka kafa harsashin Haikali, matasa suka ɓarke da sowa, tsofaffin da suka san Haikalin farko suka fashe da kuka. Aka ce har ba a iya bambanta sowar da kukan ba, kuma an ji ƙarar daga nesa. Ba a ware masu kuka an ce su koma baya sai sun gama ba. Sujadar ke nan, a haɗe.

Mu da muka tashi a ƙauye mun ga haka. Iyayenmu da suka karɓi bishara, wasu an raba su da gado, wasu an ƙwace musu mata. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa sai 1932 ya fito, kuma a ƙauyenmu ko a zamanina masu iya karanta shi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. To da me sauran suka riƙe bangaskiya? Da waƙa. Matan Zumunta su suka zuba Littafin cikin waƙa, tun daga Adamu har Ru'ya, mace na daka tana haddace labarin Yusufu. 'Yan Sabon Rai, masu yawon bishara, kuma suka ɗauka suka shiga da shi ƙauyuka. Shi ya sa in na ji an mai da waƙa bulalar dukan gwauruwa raina ke ɓaci. Ba don haka aka bar mana ita ba.

Yar Zinder:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma a Janairun 2015 an ƙona majami'u a Zinder da Yamai. Lahadin da ta biyo, a tsakar gidan wani ɗan'uwa muka taru, warin hayaƙi bai bar kayanmu ba. Mun yi waƙa amma a hankali, kusan raɗa. Har yau ban taɓa jin sujadar da ta shige ni kamar wannan ba. Don haka ni ban yarda ƙarfin yabo a ƙarar amsa-kuwwa yake ba.

Matashin Kwaya:
Yauwa! Maganar da nake ta yi ke nan. Yanzu in an ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi, sai sujada ta tsaya cak kamar Ruhu Mai Tsarki da fetur yake aiki. Waƙoƙin littafi masu baiti biyar an watsar, sai amshi guda a yi ta maimaitawa sau talatin.

Mai Jita:
To ga shi an fara. Amshi guda ɗin shi ne wanda bai yi boko ba zai iya kamawa nan take. Matan Zumunta ma ai ja da amshi suke yi. Kuma waɗancan na littafin da kake yabo, yawancinsu Turawan mishan ne suka fassaro, wani lokaci karin ya karya Hausar har ma'ana ta juye.

Matashin Kwaya:
Ko da karin ya karye akwai nama a ciki. Naku romo ne zalla.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa, rigimar kwaya da 'yan jita ta girmi zauren nan, ba yau za a raba ta ba. Ku buɗe mata wani zaren. Mama ce ta yi tambaya a nan.

Manomin Kudu:
Ni ba malami ba ne, amma bari in sa nawa. Bara masarata ta yi kyau irin wadda ban taɓa yi ba, amma gonar na bakin daji, hanya ta ƙi shiguwa saboda masu garkuwa. Ina ji ina gani ta bushe a tsaye, abin da ya rage dabbobi suka gama da shi. Ranar baikon godiya na kaka kowa na shigowa da buhu a kai ana guɗa, ni da mudu biyu na gyaɗar matata na zo a leda. Na so in ajiye a ƙofa in sulale. Sai aka karanta Habakuk 3, daga aya 17. Ɓaure bai yi toho ba, inabi babu, zaitun babu, gona ba ta ba da komai ba, garke babu tumaki, turke babu shanu. Na ce wannan mutumin manomi ne ko ya zauna da manoma, don bai rage komai ba, sai da ya lissafa asarar ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce duk da haka zai yi murna da Allah. Bai ce asarar ba ta faru ba. Wannan ya sa na ɗauki ledata na shiga layi na taka. Ba wai daɗi nake ji ba. Taurin kai ne, irin na cewa ba za ku haɗa da wannan ma ku ƙwace ba.

Baƙon Birni:
To wannan na gane shi. Rawar taurin kai daban, rawar dole daban. Amma Baba Manomi, bayan an gama guɗar, buhunan da aka tara ina suka je? An ba ka ko tiya ɗaya?

Manomin Kudu:
An ba ni buhu guda da rabi. Dattawa ne suka kawo da dare don kar a gani.

Baƙon Birni:
Madalla da dattawanku. Ba ko'ina ba ne.

Ƙaramin Fasto:
Tambayar Baƙon Birni ta kai mu inda nake so mu je. Ayar da muka fi so mu liƙa a bayan mota da jikin kalanda ita ce Nehemiya 8:10, cewa farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu. Amma wutsiyar ayar muke yankowa. Ku karanta daga farkon surar. Jama'a sun taru a dandalin Ƙofar Ruwa, Ezra na karanta Shari'a tun da sassafe har tsakar rana, mutane suka kama kuka. Sai aka ce musu su je su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa wanda ba shi da abin da ya tanada. Bayan nan ne maganar farin ciki ta zo. Aya 12 kuma ta ce haka suka yi, suka ci, suka sha, suka aika da rabo. Wato murnar da ake magana akwai kwano a cikinta, kuma kwanon yana fita daga gida zuwa gida. Ko mai tsaron kurkukun Filibi, a daren nan sai da ya wanke wa su Bulus raunukansu ya sa musu abinci.

Saboda haka ni tambayar da zan yi wa ikilisiyar su Mama ba "me ya sa ba ta rawa" ba ce. Cikin wata huɗun nan, wa ya san ko tagwayen sun koma makaranta? Wa ya tambayi yadda take ɗinki tun da kekunan sun tafi? In ba a aika mata da rabo ba, da wane baki za a ce ta taka?

Ke kuma Mama, amsar tambayarki kai tsaye. Rawar da kika yi ba munafunci ba ce, kunya aka sa ki, laifin ba naki ba ne. Zamanki kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Mara bangaskiya ba ya ɗaura zane duk Lahadi ya kamo hannun yara biyu ya zo. Zabura 88 mawaƙan Haikali ne suka yi ta, kuma daga farko har ƙarshe babu inda haske ya keto, da duhu ta rufe. Duk da haka an bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Bencin bayan nan naki yana da zaburarsa.

Malamar Lahadi:
Fasto ka gama magana. Abokan Ayuba ma kwana bakwai ɗin da suka yi shiru a gefensa shi ne mafi alherin abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki ne aka shiga uku.

Mai Jita:
Na yarda an yi wa Mama ba daidai ba, kuma na tuna ni ma na taɓa faɗin irin wannan a makirufo, har da "juya ka gaya wa na kusa da kai ya saki fuska." Ban san wa ke zaune a wurin ba. Zan daina. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: kar mu mai da sujada zaman makoki saboda ana wahala. Da matan da Ɗan Mubi ya ba da labari sun ce kowa na baƙin ciki bari mu yi shiru, da me zai riƙe shi a kan bulon? Dole wani ya buga jarkar.

Ɗan Mubi:
Haka ne. Ka buga. Kar dai ka waiwayo ka ƙirga waɗanda ke zaune.

Baba Dattijo:
'Yata, shawara ɗaya. Kar ki kai ƙarar yaron nan gaban dattawa, za a mai da abin shari'a, ke ce kuma za ki sake shan kallo. Ki samu shugabar Zumuntarku ki gaya mata yadda kika gaya mana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Su sun san yadda za su ja masa kunne ba tare da an ji ba.

Maman Tagwaye:
Na gode Baba, na gode Fasto, na gode kowa. Ɗan Mubi, na yi kuka da labarinka, Ubangiji ya sa ka ji labarin ƙanenka. Fasto, don kar in ci amanarsu: Matan Zumunta sun biya wa tagwaye kuɗin zango ɗaya, kuma sun yi mini kwana bakwai suna kawo abinci. Bayan nan ne kowa ya koma harkarsa, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da nasa. Zan je wurin Mama shugaba gobe in Allah ya kai mu.

Maman Tagwaye:
Salama. Na dawo in ba ku labari tun da kun damu da ni. Na je na same ta tana tsintar shinkafa, na faɗa mata komai. Ba ta ce uffan ba sai "to." Ranar Alhamis da yamma ina wanki sai ga su su tara, da tuluna biyu da caki, wai yau a gidana za a yi koyon waƙa saboda majami'a ana gyaran rufi. Na san ba wani rufi. Na shimfiɗa musu tabarma na koma kan wankina. Ba wadda ta ce in zo.

Yarinyar da aka ba tuluna sabuwar aure ce, hannunta na gudu, kullum tana riga amshi da rabin taki, ga shi ta riƙe soson kamar mai kashe sauro. Na daure baiti ɗaya, na daure na biyu. A na uku na ɗauraye hannu na ce, "Ke kawo nan, ba haka ake yi ba." Niyyata in nuna mata sau ɗaya in miƙa mata. Sai da aka kira magariba a masallacin layinmu na lura har yanzu yana hannuna. Ban yi waƙar ba, bakina bai kai nan ba tukuna, kuma da suka tafi na yi kuka fiye da na kullum. Ranar Lahadi ma a baya na zauna. Mai jan waƙar ya gaishe ni a ƙofa har da rusunawa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Sun bar mini tulun a gida. Sai dai na ga ya tsage a wuya, shi ya sa sautin ke fita a shaƙe. Akwai wanda ya san ko ana liƙe irin wannan, ko sai dai sabo?

Yar Zinder:
Mama in tsagar ba ta sauka cikin tulun ba ana liƙewa. Ki kai wa masu ginin tukwane su gani tukuna, kar ki bari yara su sa masa siminti.

Manomin Kudu:
In bai liƙu ba ki yi magana. Ƙanwar matata na gina su, ranar kasuwa sai in ba direba ya taho miki da shi. Ki dai faɗi girman bakin.